Ruwan Garin Inna Jumai

Mutanen Zangon Kwatano sun san abubuwa da yawa. Ka miƙa musu atamfa su shafa da yatsa biyu, su gaya maka ta wace iyaka ta shigo. Ka buɗe musu bakin sa, su faɗa maka shekarunsa. Amma tafkin nan da yake kwance bayan kasuwar Dantokpa, wanda kakanninsu suka tarar a wurin, da wuya ka sami ɗaya a cikinsu da ya taɓa tsoma yatsa ya ɗanɗana. Ruwa na masunta ne, su nasu tudu. Shi ya sa da Labiba, 'yar Alhaji Idrisu dillalin shanu, ta gama karatu ta kama aiki a wata gonar kifi can ƙetaren gada, sai da unguwa ta sha dariya ta ƙoshi. Wai jikar masu shanu ta koma kiwon abin da ko kira ba ya ji.

Ita kuwa ko a jikinta. Har ta ƙara da abin da ba wanda ya sa ta. Duk Laraba da yamma, lokacin da ba a karatu a makaranta, sai ta tara yaran firamaren unguwa ta koya musu sha'anin ruwa da kifi, kyauta. Tana nuna musu inda ledar da aka jefa a kwata take ƙarewa, da dalilin da ya sa ba a su da gidan sauro, da yadda ake ɗaura ƙugiya, da irin kifin da ake mayarwa ruwa don ya girma ya haihu. Iyaye suka bar 'ya'yansu suna zuwa, ko ba komai an rage musu hayaniya a gida.

Kifi ɗaya ne ya gagari iliminta, wato tarwadar rijiyar gidansu.

Mahaifiyarta Inna Jumai ce ta saka ta. Inna 'yar Jugu ce, can arewacin ƙasar, kuma a gidansu ba a barin rijiya ba tarwada. Ita ke cinye tsutsa da ƙwari, in kuma ka leƙa ka gan ta tana wasa, ka san ruwanka lafiya lau. Tarwadar ta shigo gidan ba ta wuce tsawon yatsa ba, tun Labiba tana kolej. Yanzu ta kai damtsen ƙato. Inna ta sa mata suna 'Yar Gida, tana tsokanar Alhaji da cewa a duk Zango su biyu ne masu gashin bakin kirki.

Bara Inna ta rasu. Tun daga nan Alhaji, mutumin da a da gida ba ya riƙe shi, ya daina zuwa kara, kasuwar shanu. Daga masallacin ƙofar gida sai tsakar gida. Kullum da safe yakan zauna a bakin rijiya, ya marmasa burodi yana zubawa, yana magana ƙasa-ƙasa. Labiba tana jiyo shi daga madafa. Labaran da a da yake ba Inna su yake ba tarwada: wane ya yi haihuwa, wane ƙafa ta dame shi, shinkafar jiya gishiri ya yi mata yawa. Abin yana ba ta dariya, yana kuma karya mata zuciya. Mutumin da ya zaga ƙasar nan kaf a bayan motar shanu, shi ne yau ya zama kifin rijiya.

Ana cikin haka, farkon damina, masu aikin titi suka zo da jan fenti. Suka shafa wa zaure, suka shigo suka shafa wa bakin rijiya. Titin zai faɗaɗa, rijiyar ta faɗa cikin hanya, za a cike ta kafin wata ya ƙare.

Alhaji bai yi musu gardama ba. Bayan sun tafi ya daɗe yana kallon fentin, sannan ya ce, "Ranar Juma'a in an sauko, sai mu kai ta bayan Dantokpa mu sake ta."

"Baba, ruwan can gishiri ne," in ji Labiba. "Teku ce take shigowa ta bakin gada. Tarwada ba ta zama a ciki, kafin magariba za ta mutu."

"Gishiri? Da wannan ruwan saman da ake tafkawa kullum? Ke Labiba, ruwa ai ruwa ne. Ina ganin masunta suna fitowa da kifi daga can tun ba a haife ki ba."

"Kowane kifi da ruwansa, Baba. Bari in kai ta wurin aikinmu."

"Inda kuke kiwo don tukunya? Kifin uwarki?"

"To in kawo tanki mu ajiye ta a nan, zuwa watan Satumba, lokacin ruwan daɗi ya iso."

"Ba za ta ƙare a roba ba kamar kayan mai farfesu. Na gama magana. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Labiba ta bar zancen, don ba a ja da Alhaji in ya jawo rimi. Ta kwana da tsoro. Ta san in tarwadar nan ta juya ciki sama a gaban idonsa, kuma da hannunsa ya jefa ta, ba lallai ne ya sake tashi daga tabarma ba. Ga shi ta faɗa masa gaskiya tsirararta, ta wuce ta bayan kunnensa. Amma ta san ubanta. Akwai abu ɗaya da ba ya iya haɗiyewa, shi ne a ɓata labarin hanyar arewa a gabansa.

Ranar Laraba, maimakon inuwar makaranta, sai ga ta da garken yaranta a tsakar gida. Ta ce wa Alhaji za ta nuna musu tarwada kafin a rabu da ita. Ya ɗaga kafaɗa, ya ja kujerarsa gindin bango, ya ɗauki carbi.

Tsakar gidan rairayi ne, kamar ko'ina a Kwatano. Labiba ta sa yara suka tara tudu a ƙofar madafa, ta ce nan ne arewa. Suka ja 'yar kwata daga tudun zuwa tsakiyar gida, suka yi rami suka shimfiɗa leda a ciki, ta ce ga tafki. Daga ramin suka buɗe 'yar ƙofa zuwa wani rami a bakin zaure, wannan ita ce teku. Ta dama gishiri a kofi ta cika tafkin. Sannan ta raba musu marafan kwalba, kowane marfi gari guda, ta ce su jera su daga kudu zuwa arewa.

Hakim, wani yaro mai saurin hannu da bai taɓa wuce ƙarshen layin zemijan, wato 'yan acaba, ba, ya ɗauki Sabe ya dasa ta can saman Paraku. Labiba ta gani, ta kau da kai.

Carbin Alhaji ya tsaya. Ya yi gyaran murya. Ba wanda ya kula. Ya sake yi.

"Kai ɗan nan! Wa ya ce maka Sabe tana saman Paraku? Da haka ne ai da shanuna Nijar suka riƙa isa, ba Kwatano ba. Me ake koya muku a makarantar lekol ɗin?"

Ya taso da sandarsa. Ya tura wannan marfi nan, ya jawo wancan can, yana faɗa yana ƙarawa: ga inda ake sayen doya, ga inda mota take numfashi a hawa, ga inda wani bijimi ya taɓa dira daga mota ya shige kasuwa, mata suka watse suka bar tumatir. Yara suka kewaye shi suna ƙyalƙyala dariya. Labiba ta rabu da jin muryar nan tasa mai ƙarfi tun Inna tana da rai.

"Nan Beteru," ya ce, ya dangwala sanda, "tsakanin Jugu da Paraku. Akwai wani kogi a nan, muna tsayawa mu yi alwala. In ka gangaro kuma ka wuce Sabe, sai ka haye wani kogin."

"Ba wani ba ne, Baba," in ji Labiba. "Shi ne dai. Weme sunansa. Shi ne wannan kwatar da muka ja, shi yake zubowa tafkinmu."

Alhaji ya dube ta, ya dubi rairayi. Shekara da shekaru yana haye kogin nan sau biyu a tafiya ɗaya, bai taɓa kawowa ransa cewa ruwa ɗaya ne yake biyo shi gida ba.

"To daga ina ya taso?"

Labiba ta karɓi marfin ƙarshe daga hannun wata yarinya mai suna Ummu Salama, ta durƙusa ta ajiye shi a gindin tudu. Ta sha faɗin amsar nan a gaban yara ba ta ji komai ba. Yau da ta buɗe baki sai ta tuna garin Inna za ta ambata.

"Daga duwatsun bayan Jugu, Baba."

Yara ba su san dalili ba, amma sun ga fuskar tsohon, suka daina wasa.

Labiba ta daure ta ci gaba. Ta sa kowa ya tsoma yatsa a tafkin leda ya lasa, suka yamutsa fuska. Sannan ta ba Ummu Salama buta ta ce ta yi ruwan sama a kan tudu, a hankali. Ruwan ya fara nutsewa cikin rairayi, yara suka ce ya ɓace. Ta ce a ci gaba, ƙasa ma sai ta sha ta ƙoshi kafin ta ba na gaba. Can sai ga shi ya biyo kwata, ya wuce marafai ɗaya bayan ɗaya, ya shiga tafki, ya yi ta turo ruwan gishiri yana fitar da shi ta ƙofar teku. Buta ta ƙare aka sake cikowa.

"Yanzu ku sake ɗanɗanawa."

Kafin yaran su kai hannu, Alhaji ya riga su. Ya tsuguna da ƙyar, gwiwa tana ƙara, ya tsoma yatsa ya kai baki. Ya daɗe a tsugune.

"Yaushe kika ce yake isowa?"

"Wajen Satumba. Sai an yi ruwa sosai a can."

"Yaya za a yi mutum ya gane?"

"In ka ga kainuwa tana wucewa ƙarƙashin gada, ya iso. Ba ta rayuwa a gishiri, ruwan daɗi ne yake kawo ta."

"Kainuwa dashen Allah," in ji Alhaji. Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Tankin naki, babba ne dai ko?"

A ranar aka fito da 'Yar Gida. Rijiyar ta yi ƙunci, koma ba ta shiga, sai fatsa. Labiba ta nuna wa yara yadda ake matse ɗan haƙorin ƙugiya da filaya don ta fita ba ta yaga baki ba. Hakim ya gwada, Ummu Salama ta gwada, ita kanta Labiba ta gwada, tarwada ta ƙi ko kallon ƙoton. Sai da Alhaji ya karɓi zaren, ya zauna a inda ya saba zama, ya marmasa burodi ya yi 'yar maganarsa ƙasa-ƙasa, sannan zaren ya miƙe. Ya jawo ta a hankali. Labiba ta jiƙa hannuwa ta tare ta, tana gargaɗin yara su kiyayi ƙayar gefe, ta zare ƙugiya, ko ɗigon jini babu. Alhaji ya ce wa tarwada, "Yi haƙuri," ya juya baya yana gyara hula.

Bayan 'yan kwanaki aka cike rijiya. Alhaji bai fito ya kalla ba.

Zaman tanki bai karɓi 'Yar Gida ba. Ta daina ci. Ta lafe a kusurwa, baƙin jikinta ya dusashe, ta goge hanci a jikin roba. Alhaji bai ce "na faɗa miki" ba, kuma rashin faɗar ya fi ciwo. Labiba ta riƙa roƙo ruwan rijiyar maƙwabta don na famfo yana da magani, ta canza abinci, duk a banza. Ta fara tunanin ko ita ce za ta kashe kifin uwarta da wayonta. Sai wata safiya ta tuna abin da ya kamata ta tuna tun farko: kifin da ya girma a rijiya bai san rana ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko wani tsohon zanen Inna mai duhu, ta rufa a kan ragar tankin. Washegari burodin da aka zuba ya ɓace. Amma ci kaɗan take yi, ana ganin ramarta.

Alhaji ba mai iya zama ya jira labari ba ne. Ya huda gwangwanin madara, ya ɗaura masa dogon zare. Da safe bayan ya ciyar da tarwada, sai ya ɗauki sanda ya fita. Ranar farko Labiba ta leƙa ta zaure tana kallonsa yana ratsa masu gwanjon Misebo, a hankali, kamar baƙo. Yakan je tsohuwar gada, ya zura gwangwani, ya jawo, ya lasa, ya tofar. Masu zemijan suna rage gudu don su kalli Alhajin Zango yana ɗanɗana tafki.

Aka yi hutun makaranta, darasin Laraba ya tsaya, amma yaran ba su daina zuwa ba. Sukan zo duba 'Yar Gida, daga nan su bi Alhaji gada. A hanya yana ba su labarin arewa, yana tambayarsu abin da Tantinsu Labiba ta koya musu, don shi ma yana so ya sani amma girma ya hana shi tambayarta. Duk wanda ya gani zai jefa leda a kwata, babba ne ko yaro, sai ya ɗaga sanda: "Kai! Ka san inda za ta je?" Har matan unguwa suka fara cewa ciwon 'yar ya kama uban.

Agusta ta zo, ruwa ya ɗauke a Kwatano, sai iska mai sanyi daga teku. Yara suka damu, suka ce to ina ruwan zai fito? Alhaji ya sa Labiba ta kira masa ƙanin Inna a Jugu, mutumin da bai yi magana da shi ba tun zaman makoki. Suka gaisa, suka sake gaisawa. Sannan ya tambaya ko ana ruwa. Aka ce masa ruwa kam har ya ishi mutane, katangu suna zubewa. Ya ajiye waya ya ce wa yara, "Yana hanya. Mai kaya da nauyi ba ya sauri."

Sai da aka koma makaranta tukuna. Wata safiya Labiba tana shirin fita aiki ta ji sallamarsa da ƙarfi tun daga waje. Ya shigo bakin rigarsa a jiƙe, takalmi duk taɓo, hannunsa riƙe da curin kainuwa, saiwarta tana ɗiga a kan rairayi.

"Ta cika ƙarƙashin gada," ya ce yana haki. "Masunta sai tsaki suke, ta tare musu hanya. Na ɗanɗana, Labiba. Babu gishiri."

Ranar Laraba suka tashi daga Laji, unguwar bakin tafki, a kwalekwalen wani masunci da Labiba ta sani. Ta aro rigunan ruwa masu hana nutsewa daga wurin aiki ta saka wa yara biyar da iyayensu suka yarda. Alhaji ya ƙi sakawa, sai da Ummu Salama ta ce, "Baba Alhaji, Tanti ta ce wanda bai sa ba ba ya shiga." Ya sa a kan babbar riga. Bai taɓa shiga jirgin ruwa ba. Hannu ɗaya ya damƙe gefen kwalekwale, ɗayan yana kan bahon da tarwada take ciki, rufe da zanen Inna, ga butarsa ta alwala tsakanin ƙafafu.

Suka wuce shingayen rassan itace da masunta suke kafawa, suka yi nisa zuwa inda ruwan arewa yake shigowa, ja-ja da ƙasar da ya kwaso. Masuncin ya tsayar da su gefen ciyawa. Labiba ta sa aka riƙa ɗibar ruwan wurin ana ƙarawa a baho kaɗan-kaɗan, don kifi ya saba da shi kafin ya shiga. Sannan ta ja baya.

Alhaji ya naɗe hannun riga, ya jiƙa hannuwa yadda ya ga tana yi. Ya ɗago 'Yar Gida da bismillah, ya saukar da ita cikin ruwa, bai saki ba. Ta kwanta a tafin hannunsa, gashin bakinta yana motsi. Bakinsa ma yana motsi, amma wannan karon Labiba ba ta ji me ya ce ba, ba ta kuma so ta ji. Ya buɗe yatsu. Tarwada ta ɗan tsaya, ta juya kai ta fuskanci inda ruwa yake fitowa, ta kaɗa wutsiya sau ɗaya, jan ruwa ya rufe ta.

"Tanti, za ta kai Jugu?" in ji Ummu Salama.

Labiba ta san amsar, kuma ba ta saba yi wa yaranta ƙarya ba. Tana neman yadda za ta faɗa, Alhaji ya riga ta.

"Ba sai ta kai ba, 'yar nan. Ai Jugun ce ta zo."

Ya kamfaci ruwa ya wanke fuska, ya daɗe yana wankewa. Masuncin ya fara juya kwalekwale, Alhaji ya ɗaga masa hannu ya dakata. Ya ɗauki buta, ya zubar da ruwan famfon da ke ciki, ya nutsa ta a tafki har ta daina ƙara. Ya rufe ta da kyau, ya rungume ta a cinya.

"Baba, wannan ba na sha ba ne fa," in ji Labiba.

"Na sani." Bai dube ta ba. "Gobe da safe zan je maƙabarta. Ruwan garinsu ne, ta daɗe ba ta gan shi ba."

Labiba ta jawo zanen Inna daga kan bahon, jiƙaƙƙe yadda yake, ta rufe fuskarta da shi.